Litinin a Kakuri

Kiran assalatu ya shigo ta ƙasan ƙyaure,
na ja mayafi, na ce da Litinin:
je ki, ki dawo jibi, ba na nan.
Ba ta motsa ba. Ta zauna bakin katifa,
zaman mai bin bashi da ya ga takalmin mai gida.

Kuɗin sati sun ƙare tun Juma'a,
an ɗauke wuta tun Asabar, riga babu guga,
ga ruwa ya kwana yana dukan kwano.
Can a Panteka kuwa Oga Barnabas na jira
da agogonsa mai riga kowa isa bakwai,
da tulin fankoki ƙonannu masu warin gashi.
Na ce, yau dai a yi ba da ni ba.

Sai na ji ƙaran buroshi a zaure.
Baba ne.
Shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙa,
jiniya na kira, yana amsawa da keke.
Tun ina firamare jiniyar ta yi shiru,
ciyawa ta cinye bakin ƙofar,
amma duk Litinin sai ya goge baƙin takalminsa,
ya cika fulas da shayi,
ya zauna yana duban titi.

Na leƙa da barci a idona.
Bai ɗago ba, ya ce,
Sabitu, abin da kake wa tsaki
shi nake saurare kullum ban ji ba.
Ban san Litinin baƙuwar arziki ba ce
sai da ta daina sallama da ni.
Ya tofa wa takalmin yawu, ya ci gaba da guga.

Ruwan buta ya cije ni a gwiwar hannu.
Na idar, na durƙusa, na jawo abin da ke ƙarƙashin gado:
allon langa, shuɗin fenti, farin rubutu,
SABITU MAI NAƊIN KWAYIL.
Shekara uku ke nan da na biya mai zane,
allo ya riga shago zuwa duniya.
Kusa da shi gwangwanin fenti mai tsaga a ka,
na girgiza, bai cika ba,
amma ya fi bara nauyi.

Lubabatu ta miƙo koko ba sukari,
ta ce zaƙin na nan tafe.
Walida ta ɗora yatsa kan allon tana haɗa baƙi,
ta tsaya a kan Ɗ mai ƙugiya, ta ce,
Abba, yaushe za a rataya?
Na ce in kin iya karanta shi duka.
Ta ce saura kaɗan fa.

Mu huɗu a bayan keke, gwiwa na gugar gwiwa.
A kan gada na dubi kogin Kaduna,
jajir da ƙasar damina, ya tumbatsa,
shi da muka taka duwatsunsa da rani.

Wayar jan ƙarfe ta san hannuna.
Zagaye ɗari huɗu da sittin fanka ke so,
ɗaya bayan ɗaya, ba a tsallake,
wanda ya yi ha'incin goma
hayaƙi zai tona shi gaban mai kaya.
Ashe haka makonni suke.
Wannan ma zagaye ne, na ƙirga shi.

Bakwai da minti huɗu.
Oga ya dubi agogo, ya dube ni, ya girgiza kai.
Na cire riga, na rataya a ƙusa,
na ɗauko fankar farko daga tulin,
na hure mata toka,
na kama bakin waya.
Ɗaya.