Wasiƙar Emrys Prydderch

Shekara talatin da ɗaya babana
yana raba wasiƙu a Blaenau Ffestiniog,
ko ruwa ko ƙanƙara, jaka a kafaɗa.
Ya san ƙofar da karenta ke cizo,
ya san wadda ake buga wa sau uku
don tsohuwar ciki kunnenta ya yi nauyi.
Yau shi ne zaune a bayan tamu ƙofar
muna jiran wasiƙa ɗaya tak.

A watan Maris likitar unguwa ta miƙa masa biro:
"Zana mini agogo, sha ɗaya da minti goma."
Ya ja da'ira sumul, hannu bai yi rawa ba,
sai lambobin suka cure a gefe guda
kamar tumakin kan dutse in iska ta taso.
Ya yi dariya. Na taya shi, maƙogwarona a bushe.
Ta ce ta tura sunansa asibitin ƙwaƙwalwa.
Za su rubuto.

Furen bakin hanya ya fito, ya yi yaushi, ya zube.
Na tsinci butar shayi a cikin firji.
Na buga waya, wata murya ta ce ni ce ta sha huɗu,
aka sa mini kiɗa har shinkafata ta kama.
"Yana cikin jeri," in ji matar, da ladabinta.
Ban ga laifinta ba, ita ma muryar gajiya gare ta.

A ofishin gunduma an ba ni fom na neman mai taya jinya.
Akwai wani ɗan akwati: sunan cutar.
Na san sunan. Ina kwana da shi, ina tashi da shi,
amma ba a karɓarsa daga bakin 'ya,
sai da hatimi.
Na bar wurin fari fat, na dawo gida a bas.

Ƙanena Gethin ya kira daga Perth:
"Tsufa ne kawai, Delyth, kar ki ɗaga hankalinki."
Mai nesa da murhu bai san tuwo na zafi ba.

Wata na bakwai Turanci ya fara zube masa
kamar gishiri daga huje.
Sai yaren Welsh na ƙuruciyarsa ya rage,
da shi yake kirana Menna, sunan mahaifiyata,
yana tambaya ko yaran sun ci abinci.
Nakan ce sun ci.

Wata asuba, ƙarfe huɗu, gado wayam.
Ya sa tsohuwar rigar aikinsa a kan ta barci,
ya kwashi takardun kuɗin wuta da katunan ta'aziyyar Mama,
ya bi layi gida-gida yana zurawa.
Da hantsi maƙwabcinmu Gwilym ya kawo su a leda,
ya ce, "Bai tsallake ƙofa ko ɗaya ba."
Muka tsaya a soro, mun rasa inda za mu sa ido.

Ba warkewa nake nema a cikin ambulan ba,
na girmi wannan mafarkin.
Ina so wani mai farar riga ya dube ni ya ce
ba ke ce kike ƙirƙira ba,
ga abin da ke tafe, ga wanda za ki kira cikin dare.

Ta iso a watan Fabrairu, ranar Talata, ana yayyafi.
Shi ya riga ni ɗauka.
Ya juya ta, ya auna ta a tafin hannu irin na gwanaye,
ya karanta a hankali: "Emrys Prydderch."
Ya girgiza kai.
"Wannan ai ya tashi daga nan tuntuni.
Ba ni biro, a mayar wa wanda ya aiko."

Na ce bari, Baba, ni zan kai masa.
Na buɗe a kicin, bayana jingine da ƙofa.
Sha tara ga Afrilu, ƙarfe tara da rabi.
A zo da tabarau, da jerin magunguna,
da wani wanda ya san shi sosai.