Kumburi Biyu a Dare Ɗaya

Ƙarfe tara a Valparaiso, hazo na hawa tudu,
Jiragen ruwa na ƙyafta fitilu daga kudu,
Trueno ya haɗiye abincinsa, ya fita da gudu,
Sama da ƙasa a matakala, ni kuwa ban hana ba.

Sha ɗaya ya dawo yana zagaye ɗaki,
Kakarin amai, ba amai, sai yawu a baki,
Ya kwanta, ya tashi, ya dube ni da mamaki,
Na ce ƙwarnafi ne, ashe ban gane ba.

Na ɗora tafi a haƙarƙarinsa,
Ciki tamau kamar ganga, na ƙwanƙwasa ya amsa,
Dasashi fari fat, sanyi a kunnuwansa,
Mai ja na a hanya, yau bai ɗaga ƙafa ba.

Baltasar maƙwabci ya fito da silifa ɗaya,
Muka naɗe karen a bargon Rosaura, sai kujerar baya,
Motar na gangara lungu tana kuka kamar akuya,
Danja biyu muka keta, bai taka birki ba.

Likita Amparo ta ɗaga hoto a gaban fitila:
"Tumbin ya cika da iska, ya juya, ya ƙulla,
Jini ba ya ratsawa, minti guda ya fi dala,
Da ka jira safiya, da ba ka same shi ba."

Suka warware, suka ɗinke tumbin kusa da haƙarƙari,
Na kwana a benci, ni da agogo da tari,
Da asuba ta leƙo: "Ya tsallake haɗari.
Ci kaɗan-kaɗan, sannan hutu. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na hau gida ni kaɗai, na kunna fitilar akwatin gilashi,
Jan kifin Rosaura ya kife, ba motsi, ba numfashi,
Ɓawonsa ya miƙe kamar abarba, ruwa ya cika shi,
Kwana tara ina cewa ƙiba ce, ban tambayi kowa ba.

Tun da ta rasu nake ƙara masa tsaba, wai ƙauna,
Ruwan ya yi duhu, na ƙi taɓa abin da ta bar mana,
Kare ya yi nishi, unguwa ta ji, aka hana ido kwana,
Kifi ya yi ta buɗe baki a gabana,
Ko kalma ɗaya ban ji ba.

Na binne shi a tukunyar fure da cokalin shayi,
Na raba abincin Trueno kashi uku, hannuna da sanyi.
Injin akwatin na ta hura kumfa a ruwan da ba kowa,
Har rana ta faɗi ban kashe shi ba.