Sifok Talatin da Shida

Kilo ɗari da goma sha takwas.
Haka ma'aunin asibitin Madani ya faɗa.
Likita ya cire tabarau, ya dubi tumbina, ya dubi takarda:
"Sukari ya hau, Balarabe. Ko keke, ko allura duk safiya."

Na zaɓi keke.
Ɗan ƙanwata ya aiko min nasa daga Jidda,
siriri kamar sillen kara, ana ɗaga shi da yatsa biyu,
sifok goma sha shida a gaba, ashirin a baya.

Ran farko yara suka raka ni har bakin Nilu.
Rana ta uku, na haye gadar Hantub ke nan,
na ji ƙas! a ƙarƙashina,
wili ya kama rangaji,
ya shafi birki, ya saki, ya sake shafa.
Na sauka na turo shi gida, rabi gumi, rabi kunya.

Usta Ilu na da rumfa bayan masu sayar da ful.
Kakansa ya taso daga Haɗeja da niyyar hajji,
auduga ta tsare shi a Jazira, bai ƙarasa ba, bai koma ba.
Hausar jikan ta jiƙe da Larabci kamar kisra cikin miya.

Bai yi min dariya ba. Wannan na riƙe masa.
Ya murza wilin, ya kanne ido,
ya ce, "Keke bai yi laifi ba, kai ma ba ka yi ba.
An ƙera wannan don yaran da iska ke ɗauka.
Kayan raƙumi ne aka ɗora wa akuya."

Ya sauko da wani gare daga ƙusa, ya hure ƙura,
ya ƙwanƙwasa shi da sifana.
"Ji nan. Bango biyu gare shi, ciki da waje.
Ƙirga ramukan." Na ƙirga: talatin da shida.
"Kowace waya za ta ƙetare 'yan'uwanta uku
kafin ta kai baki. Kawunansu na tagulla, ba sa tsatsa.
Sai taya mai ɗan faɗi, don ramukan hanyar Sinnar
ba su san mutunci ba, ba su jin magiya."

Na ce, "Ba zai yi nauyi ba?"
Nan fa ya ajiye sifana.
"Rabin kilo, ya zol.
Kana tafe da ɗari da sha takwas, rabin kilo ne ya zama wuya?"

Kwana uku yana ɗaurin, ina zuwa ina shan jabana.
Kwata ya juya nan, kwata can,
ya taɓa kowace waya da farce kamar mai gyaran gurmi,
ya kasa kunne.
Wadda ta yi ƙasa da murya, ya ƙara mata.
Ya ce, "Mutane na zaton mai tauri ce ke tsinkewa.
A'a. Mai sako-sako ce.
Tana lanƙwasa, tana miƙewa, duk juyi, duk juyi,
har ta gaji, ta bar wa maƙwabta kaya,
su ma su bi ta ɗaya bayan ɗaya."

Na biya shi kuɗin buhun dawa da 'yan kai.
Uwargida ta ce da na sayi rago.
Ban ce komai ba, na san ranar da za ta ba ni gaskiya.

Wata takwas yau.
Bayan asuba nakan bi gefen kwatar ban-ruwa,
balbelu na tashi a gabana, gonaki na wari irin na laka,
wili na ta zarya shiru, ko tari bai taɓa yi ba.
Ma'auni ya ce ɗari da tara. Ban yi gardama ba.
Ran Juma'a nakan kifa keken, in bi wayoyin da farce,
talatin da shida, murya ɗaya.

Tsohon wilin kuwa, na cire masa sauran haƙora,
na bai wa Safiya, jikata.
Ga ta can tana kora shi da kara,
shi da ya kasa ɗaukata, ya fi kowa gudu a kan hanya.