Raƙumi na Goma

Raƙuma tara muka yi wa lodi a bayan Sawakin,
na goman ya ƙi durƙusawa.
Ohaj ya ce a ƙyale shi, zai biyo.
Ya biyo kuwa, nesa-nesa, kamar mai bin bashi.

Mun bar gidajen murjani suna zuba a tsibiri,
tagogi ba mai leƙe,
kyanwoyi ne masu unguwa.

Hagu teku, dama duwatsu,
tsakani mu da ƙarar akala.
Ni ɗan Mai-Wurno ne, na saba da kogi,
ruwan da ke da ƙetare,
ka ƙwala wa mai kwalekwale kira ya amsa.
Wannan kuwa, ka yi kira, iska ta haɗiye.

Barmani ya kamfata ya kai baki,
ya furzar, ya ce, "Wace ce ta ɓata miyar nan?"
Dariya har rawanina ya kwance.

Kwana biyu wayata ta mutu.
Sai na koma ajiye kaya a ido:
ƙaguwa na gudu a karkace da gidan aro,
tsuntsaye ja-ja a tsaye kan ƙafa ɗaya,
itatuwa tsundum cikin ruwan gishiri,
raƙuma har gwiwa suna tsinkar ganyensu.

In rana ta take, Ohaj ya soya gahawa,
ya daka da citta, turmin na magana,
ɗan finjali kamar kwanson ƙwai.
Ba ya tambayar kowa daga ina.

Rana ta huɗu salka ta tsage.
Muka bi sawun ɗigon da ido, ba mai cewa uffan.
Tokar na baya, Aƙiƙ ba ta kusa,
ga ruwa iya ganinka, ba na kurɓa.
Barmani ya daina barkwanci.
Leɓena ya zama ɓawon gyaɗa.

Can la'asar sakaliya,
raƙumin nan mai taurin kai ya ratse,
ya nufi wani busasshen kwari,
ya durƙusa, shi kaɗai, ba wanda ya ce masa.

Muka tona da ƙwarya da farce.
Kamu ɗaya, kamu biyu, yashi ya yi duhu,
sannan ya yi hawaye.
Ruwan da ɗan zartsi. Mun sha. Mun ƙara.

Ohaj ya shafa wuyansa bai dube mu ba.
Da asuba ba wanda ya kawo zancen ɗora masa kaya.