Ɗari da Hamsin

Ƙarfe uku na dare a Manaus,
fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan.
Ni da na'ura muna gadin alƙaluma
kamar masu jiran naƙuda a bakin ƙofa.

An ce gwajin rigakafi shekaru yake ci.
Wa ke da shekaru? Masu haƙa kabari
sun daina zuwa gida cin abinci.
Sai aka ba ni aiki: in hango
inda annoba za ta sauka, tun tana hanya.

Na tattaro tikitin jiragen ruwa,
kiran motar asibiti, cinikin maganin zazzaɓi,
har ruwan kwata muka auna,
shi da bai iya ƙarya ba.
Na'ura ta tauna kwana huɗu,
ta tofo taswira mai ɗigo ja:
Educandos. Unguwarmu.
Layin da gyatumata Edileuza ke fere rogo.

Can aka kafa tanti.
Ƙanena Jurandir, matuƙin kwale-kwale,
ya naɗe hannun riga, na sha bakwai a layi.
Rabin kwalaben magani, rabi ruwan gishiri,
ni mai riƙe da lissafin ma
an ɗaure mini ido kamar kowa.

Ga abin da ba na faɗa a taro:
sai mutum ɗari da hamsin sun kamu
za a buɗe ambulan.
Saurin da ake yaba mini
saurin kwanciyar maƙwabtana ne.
Da lamba ta cije a tamanin da ɗaya har kwana uku,
haushi na ji.
Na wanke fuska, ban kalli madubi ba.

Ta ɗari da tara ta shigo ran Laraba:
namiji, talatin da ɗaya, sana'a tuƙin jirgi.
Ba suna. Ba a sa suna.
Na kira, na kira, waya na ta kuka ita kaɗai.
Sai tsakar rana ya ɗauka, inji na ruri a bayansa:
"Dalvina, lafiya? Ina tsakiyar ruwa."
Na zauna a ƙasa ina dariya,
kafin na tuna ƙanen wata ne.

Mako na sha ɗaya aka buɗe.
Ɗari da arba'in da ɗaya a gefen gishiri,
tara kacal a gefen magani.
Fuskoki a allo suna tafi, ba sauti.

Da yamma Jurandir ya kai ni
inda baƙin kogi da jan kogi ke tafiya kafaɗa da kafaɗa,
kowa da launinsa, ba sa gauraya.
Ya ce, "To, ni wanne aka ba ni?"
Na ce gishiri.
Ya tsoma hannu a ruwa, ya yi shiru,
sannan ya tambayi ranar da za a yi wa Mama.