Gwangwanin Kofi

Wata goma sha ɗaya ina kan babur,
ina kai wa mutanen Sao Paulo abincin dare.
Ruwa ya doke ni, hayaƙi ya zauna mini a ƙirji.
Duk ɗan tukuicin da aka miƙo ta bakin ƙofa
sai in jefa shi gwangwanin kofin kakata.
Ran Asabar na zazzage shi a kan gado.
Bai kai yadda na ƙirga a zuci ba.
Dama kuɗi bai taɓa kaiwa.

Na shiga titin Santa Ifijeniya
da takarda a aljihu, ta sha ninki har ta yi laushi.
Sunayen da ke cikinta na haddace su
kamar sunayen dangin da ban taɓa gani ba.
Kowane shago da mai kira a bakinsa,
kowane gilashi da fitilu suna kashe mini ido,
ja, shuɗi, ruwan hoda,
ni kuwa katin hoto kawai nake gani,
mai fanka uku, baƙi wuluk,
farashinsa rabin guminsa, rabin nawa.

Dona Iolanda, a shago na can ƙurya,
tabarau a kan hanci, sigari a bayan kunne,
ta karɓi takardar ta karanta har ƙasa.
Ta ce, Edivaldo kake ko wa?
Ka zaɓi ƙwaƙwalwa daga wani gida,
uwar allo daga gidan abokan gaba.
Ko ka kwana kana lallashi
ƙafafun wannan ba za su zauna a ramin waccan ba.

Ta ja layi da biro.
Ta zo kan akwatin wuta, wanda na zaɓa don arha,
ta dube ni ta saman tabarau.
Araha ba ta ado, yaro.
Wannan ne ke ciyar da kowa a gidan,
ranar da ya yi fushi, da kowa zai tafi.

Sai na sauke buri mataki ɗaya.
Kati mai fanka biyu, na bara.
Ram sanda biyu, kada ɗaya ta yi kaɗaici.
Ma'adana ƙarama kamar cingam,
wai duniyoyi goma za su kwana a cikinta.
Fitilun kuwa na bar musu abinsu.
Na tambayi tsawon katin,
na auna cikin akwatin da tef ɗin ɗinkin ƙanwata:
ya shiga, saura faɗin yatsa.

Da dare a kan teburin kicin
na ture kwanon wake gefe.
Hannun da ke ratsa motoci ba ya rawa
yau yana ɓari kan ƙusa ɗaya.
Na ɗiga man toka kamar ƙwayar shinkafa.
Na danna ram har ta ce ƙas,
zuciyata ta ce na karya.

Ƙarfe biyu da kwata na taɓa maɓalli.
Shiru.
Na sake. Shiru.
Wata goma sha ɗaya suka tsaya a kaina suna kallo.

Jucimara ta fito shan ruwa, ido rabi a rufe,
ta leƙa bayan akwatin,
ta ce, wannan ɗan makunnin fa?
Ta latsa shi da ɗan yatsa.

Fanka ta juya.
Allo ya yi fari, ya rubuta sunan ƙwaƙwalwar
daidai yadda yake a takardata.

Ban buga wasa ba daren nan.
Ita ta ja kujera, ta riga ni.
Na zauna a ƙasa, baya ga firij,
ina sauraron iskar da na saya,
gwangwanin a gefena, babu komai ciki
sai ƙanshin kofi.