Lita Sittin

Lita sittin ne cikin tankinmu.
Clarrie ya auna da jarka a bayan gida
ranar da muka jawo 'yar tirelar daga Port Augusta,
ɗaki guda a kan taya biyu,
gado, murhu, da taga mai kallon yamma.

Lita sittin, mutum biyu, kwana uku.
Shayin safe ya ci nasa.
Wankin kwanuka, kofi biyu ya isa, in ji shi,
ni kuwa huɗu nake zubawa in ya juya baya.
Wanka kuma sai dai tsumma da ɗan kwano,
a shafa nan, a shafa can, a ce an yi.
Ran na uku famfo ya kama tari,
yana tofar da iska a cikin buta,
sai mu naɗe rumfa,
duwatsun Flinders ba su gama yin ja ba,
mu gangara Hawker neman ruwan gari
ina ƙunƙuni, yana fito.

Duk lokacin sanyin bara yana kan takarda.
Noeline, ɗari da goma za mu sa.
Noeline, kowace lita kilo guda ce, kin sani?
Dole ya zauna daidai kan ƙarfen tayoyi,
in ya ja baya, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya.
Na ce to, ka dai sha shayinka ya huce.
Ya yi oda daga Adelaide.

Tankin ya iso a kwali
mako uku bayan mun kai shi makwanci.
Na sa hannu a takardar mai kawowa,
na tura kwalin gareji da ƙafa.

Wata takwas ban ko dube shi ba.
Sai na ɗaura tirela ni kaɗai, na nufi Parachilna,
na kafa rumfa a gindin itacen da muka saba.
Kwana uku, na kasa kunne. Famfo bai yi tari ba.
Kwana huɗu. Kwana biyar, ruwa na zuba sumul.
Ran na shida na zauna a bakin ƙofa
da buta cike a hannu,
na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.
Ashe rabin ruwan nan nasa ne.

Tamsin, 'yar maƙwabta, mai koyon kanikanci,
ita ta kwanta a ƙarƙashi da sifana,
takardarsa a kan ƙirjinta, tana bin rubutunsa
mai karkata kamar shinge bayan iska.
Ta sauke tsohon, ta huda, ta ɗaure noti,
ta ja sabon tiyo har zuwa famfo.
Ta leƙo, baƙin mai a goshi, ta ce,
ai mutum ɗaya ba ya buƙatar wannan.
Na ce na sani. Ɗaura.

Yanzu mota na nishi a hawa,
kilo hamsin ba wasa ba ne.
Ina wanke kwano da kofi huɗu
babu mai ƙirgawa.
A hanyar Oodnadatta na tarar da samari biyu,
lagireto ya tafasa, leɓɓa sun bushe,
na cika musu jarka ban duba ma'auni ba.
Suka ce, ke fa? Na ce akwai.

Da dare, in tankin ya kai rabi,
na juya a kan gado, tirela ta ɗan girgiza,
sai ruwan ya motsa a ƙarƙashina,
ya tafi can gefe, ya dawo a hankali,
kamar mai gyara kwanciya
don kada ya tashe ni.